Shawarwari Kan Takalmi Mai Canjin Dunduniya

Masu ɗinkin takalma da suka tattauna batun takalmin da ake cire dunduniyarsa a sa wata mai tsayi daban sun fi daɗewa a kan tafin takalmin. Kowane takalmi ana ɗinka shi ne bisa katakon siffar ƙafa mai tsayin dunduniya guda, ƙarfen cikin tafin kuma ya riƙe lanƙwasar. Idan aka sauke dunduniya daga santimita 8 zuwa 3, bakin takalmin zai ɗage sama, takun mutum ya karkace. Don haka suka ce a bar tafin ya riƙa lanƙwasuwa, kada tazarar tsayin ta yi yawa.

Maƙalin da ke haɗa dunduniyar da tafin kuwa, suka ce ya zama na ƙarfe mai kulle. Na yarda da su, domin maganaɗisu kaɗai ba abin dogaro ba ne a matakala.