Ruwanmu ya koma kunun laka, wa ya taɓa fama da haka?

Uwargida daga Haɗeja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da damina ta kankama, ruwan da mai garuwa ke kawo mana ja ne jawur. Na zuba a randa ya kwana biyu, yashi ya kwanta a gindi, amma jan yana nan daram. Wanda ya sha fama da irin wannan ya taimaka da abin da ya gwada da hannunsa, ba ji-ta-ji-ta ba.

Mai shayi: Hajiya, alimun. Amma kar ki yi irin tawa. Ranar farko na dandaƙa guntu mai girma na watsa a durom, ruwa ya yi garau, na ce shi ke nan. Ashe bauri ya kama shi. Masu shayi suka riƙa dawo min da kofuna. Yanzu a tsumma nake ɗaure shi, in zagaya cikin ruwan sau kaɗan, in cire.

Tsohon ma'aikacin gidan ruwa: Ɗana, ka zuba fiye da kima ne. Hajiya kuma, ko randar ta yi mako jan nan ba zai sauka duka ba. Yashi na da nauyi, nan da nan yake nutsewa. Yumɓu kuwa ƙwayoyinsa sun fi gari laushi, kuma dukkansu caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, sai su yi ta ture juna, ba sa haɗuwa balle su yi nauyi. Alimun ne ke kashe wannan turen, sai su dunƙule kamar auduga su yi ƙasa.

Sirrin yana wajen juyawa. Da zarar an saka, a kaɗa da ƙarfi kamar minti ɗaya. Sannan a sassauta hannu, a yi ta juyawa a hankali wajen minti goma sha biyar. Wanda ya ci gaba da bugu yana wargaza dunƙulen da ya haɗa ne. Mu a wurin aiki ba ma yin kintace: kwalabe shida muke jerawa, kowace da awonta, wadda ta fi yin garau da mafi ƙarancin magani ita muke bi. Da damina kusan kullum sai an sake, don kogi na canza fuska bayan kowane ruwan sama. Daga tankin kwanciya sai matatar yashi, ita ma in ta toshe a turo mata ruwa daga ƙasa zuwa sama ya kore lakar.

Ɗan Mai Wurno, Sudan: Mu nan idan Nilu ta cika a watan Agusta haka take zuwa da laka daga tsaunukan Habasha. Kakata ƙwayar zogale take amfani da ita. Larabawan nan ma rawag suke ce wa bishiyar, wato mai tace ruwa. A ɓare busasshiyar ƙwaya, a daka lukui, a dama da ruwa kaɗan, a zuba. Ɗaya ko biyu ga lita ta isa. Sai dai a sha a ranar. Na taɓa barin nasa ya kwana biyu, wari ya hana mu kusantar tulun.

Ma'aikaciyar lafiya: Duk na yarda, amma na ga yara da gudawa a gidan da ruwansu yake fes a ido. Kwantar da laka rabin aiki ne. Amfaninsa shi ne ya buɗe wa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, hanya, don ƙwayoyin cuta na laɓewa jikin laka maganin ya kasa cim musu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take son duhun ruwan ya gaza awo 1 na NTU, wato ma'aunin yawan laka a ruwa, kafin a saka kulorin. A tsiyaye na sama, a tafasa ko a sa kulorin. Tacewa da ƙyalle ma kar a raina ta, tana cikin abin da ya kori kurkunu har aka tabbatar babu ita a Najeriya a 2013.

Uwargida daga Haɗeja: Allah Ya saka da alheri. Na bi yadda Baba ya ce, kafin la'asar ina hango gindin bokiti. Lakar da ta taru ta kai kaurin yatsa biyu! To Baba, ita wannan in zuba ta gindin shukata ko in kai ta nesa?

Tsohon ma'aikacin gidan ruwa: Ta zogale ki ba shuka. Ta alimun ki haƙa rami can gefe, nesa da rijiya, ki binne.