Allurar cikin ido ga bakwaini: kowa ya kawo abin da ya sani

Ungozomar Birni: Assalamu alaikum. Masu aikin ido, ku taimaka. Iyaye na jin "allura a ido" sai su saɓa ɗansu su fice, bayaninmu bai gamsar da su.

Likitan ido: Wa alaikumus salam, Hajiya. Jijiyoyin jinin tantanin bayan ido ba su gama shimfiɗuwa sai ciki ya kai wata tara. In yaro ya zo da wuri, aka kuma sakar masa oksijin ba awo, sai su tsaya. Daga baya wurin da jini bai kai ba ya riƙa fitar da sinadarin VEGF, wanda ke tsirar da jijiyoyin banza, su ja tantanin har ya ɓamɓare. Wannan sinadarin allurar ke toshewa. Maganin Avastin miligiram 0.625 ake sawa, cikin mililita 0.025, rabin na babba ke nan. Wani maganin, Lucentis, kuwa miligiram 0.2. Da zarar an ce a yi, kada a wuce kwana 3.

Majinyacin tiyata: Aikin kansa bai kai minti biyu ba. A naɗe yaro cikin zane, mutum ɗaya ya riƙe kai, wani na kallon numfashi, don bakwaini kan ɗauke numfashi in an taɓa ido. A ɗiga maganin kashe zafi, a sa ƙarfen buɗe ido na jarirai, sai maganin kashe ƙwayar cuta Betadine mai kashi 5 cikin ɗari. Ana soka siririyar allura mai lamba 30 a nisan milimita 1 zuwa 1.5 daga inda baƙin ido ya haɗu da fari. Wanda hannunsa ya saba da manya shi ne abin tsoro: a babba milimita 3.5 zuwa 4 ne, kuma ana nufar tsakiyar ido. A jariri madubin idon ya cinye wuri, in ka karkata haka ka soke shi, yanar ido ta biyo baya. Miƙe ake nufar baya. Ido na biyu, sabbin kaya kaf.

Mai farmasi: Kwalbar Avastin ɗaya mililita 4 ce, ta isa yara fiye da ɗari, shi ya sa ake kwaɗayin yi ta hudata. Nan ƙwayar cuta ke shiga. A rarraba sau ɗaya a wuri mai tsabta. Ajiya digiri 2 zuwa 8, ban da daskarewa. A zafin Afrilu na Damagaram, firigon da kuran ya ɗauke masa yini guda kada a amince da abin da ke ciki.

Likitan ido: Malam ya yi gaskiya. Sai dai inda aka fi asarar ido bayan allurar ne. Cikin mako ɗaya jijiyoyin sun lafa, uwa ta ga ido garau, ta tafi wankan gida Magarya ko Tanut. Alhali ciwon na iya dawowa bayan wata uku ko huɗu, ba ja, ba kwantsa, ba kuka. Ana bin yaro har mako 65 in aka haɗa da makonnin ciki, wato wanda aka haifa a mako 30 sai ya kusa wata takwas. In jijiyoyin ba su kai gefen tantanin ba, a ƙarasa da hasken leza. Idon da ya riga ya yi zare mai jan tantanin kuwa, allura na iya ƙara tsuke shi.

Wani abu dabam: yaro babba da ake ganin fari a ƙwayar idonsa kamar na mussa da dare, ba a soka masa komai sai an tabbatar ba kansar ido ba ce.

Ungozomar Birni: Na gode, Dokta. Abin da za a faɗa wa kaka, tunda ita ke wankan jariri: ba kwalli, ba ɗiga nono a ido. Fatar ido ta kumbura ko baƙin ya yi hazo, a dawo ran nan, ko da dare ne. A rubuta randebu a katin rigakafi, a kuma karɓi lambar waya biyu, ta uba da ta gidan da za a yi jego.