Abin da aka tsayar a fada kan daren majigi a Tawa

Hirar da muka yi a fadarmu, wato majalisar da muke zaman shayi, kan shirin daren majigi ta ɗauke mu shayi uku, ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda a fara da finafinan gida. Moustapha Alassane a nan Tawa ya zauna shekaru da yawa kafin rasuwarsa a 2015, kuma shi ne ya buɗe hanyar fim ɗin zane a Nijar. Dattijon cikinmu ya ce a sa Bon voyage, Sim na 1966, inda kwaɗi ke mulki da faretin soja. Gajere ne, yara za su yi dariya, manya kuwa za su gane habaicin. Bayansa a kawo Le Retour d'un aventurier, na samarin ƙauye da suka zama kaboyi. Ni dai da shi zan rufe, amma an rinjaye ni.

Kan kiɗa aka ɗan yi gardama. Samari na son gitar Mdou Moctar, ɗan jihar nan. Wani ya ce a'a, tsakanin fim da fim sai sautin ogan na Mamman Sani, wanda iyayenmu suka saba ji a rediyo da talabijin. An tsaya a kan duka biyun.

Sauran ƙanana ne: a fara bayan isha'i, a gaya wa mai unguwa tun da wuri, a ajiye janareto kusa ko da wuta ta ɗauke. A kuma samu mai bakin da zai riƙa fassara Faransanci zuwa Hausa.