Ƙarambau ta shigo gida, ga mai dashen ƙoda: ya kuka yi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. An yi wa maigidana dashen ƙoda, kullum yana shan magungunan da ke danne garkuwar jiki don kada jikin ya ƙi ƙodar. Jiya ƙarambau ta feso wa autata, shi kuma bai tuna ko ya yi ta yana yaro ba. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu haske.

Abu Hafsat: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kira likitansa yau ɗin nan, kada ki jira ƙurji. Ƙanena yana kan maganin ciwon daji sa'ad da ɗan maƙwabta ya kawo mana ita. Likita ya ce yaro na yaɗa ta tun kwana 1 zuwa 2 kafin ƙurajen su fito, ke nan mai yiwuwa maigida ya riga ya shaƙa. An ɗebi jininsa aka duba ko yana da kariya, aka sa shi a kan aciclovir, maganin da ke yaƙar ƙwayar cutar. Muka yi ta zullumi, don tana ɗaukar kwana 10 zuwa 21 kafin ta bayyana. Allah ya tsare.

Yaya Binta: Mu ta wata fuskar ta zo mana. Innarmu ta yi ta tun ƙuruciya, amma ƙwayar ba ta barin jiki, lafewa take a jijiyoyi. Da tsufa da ciwon suga suka ci ƙarfinta, sai ga ƙuraje masu ruwa a haƙarƙari, gefe guda kawai, kamar rabin ɗamara. Dangi suka ce jifa ne, aka yi ta shafe-shafe. Ko da aka kai ta asibiti an wuce awa 72 ɗin da maganin ya fi aiki. Ƙurajen sun bushe, amma raɗaɗin ya zauna watanni, ko zani ya taɓa wurin sai ta yi ƙara.

Wata nas: Ku raba musu ɗaki har ƙurajen yarinyar su yi ɓawo duka. Ban da sayen ampiclox a kemis, ba ya kashe bairos, irin ƙwayar cutar da ke kawo ƙarambau. Zazzaɓinta farasitamol ne maganinsa, kada a ba ta asfirin. Shi kuwa, da kin ji tari, zazzaɓi ko numfashi sama-sama, sai asibiti ko da tsakar dare ne, domin a irinsu huhu take kamawa.

Maman Ilham: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na samu likitan, ya ce mu taho yanzu a ɗebi jini.