Wace kalma za mu sa wa Maundy Thursday a Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku. Ni nake rubuta jadawalin sujada da Hausa a ikilisiyarmu, kuma duk shekara idan Mako Mai Tsarki ya zo, rana ɗaya ce take tsayar min da alƙalami: Alhamis ɗin da ke gaban Juma'ar gicciye. Lahadin Dabino ta zauna a bakin kowa. Ista ma ta zauna. Ita wannan kuwa har yau da sunan Turanci muke kiranta, har wata yarinya a ajin Lahadi ta tambaye ni yadda aka yi Litinin ta shiga cikin Alhamis, don kunnenta Monday ya ji. Ba laifinta ba ne, ba mu ba ta sunan da za ta gane ba.

Asalin kalmar daga Latin ne, mandatum, wato umarni. An ɗauko ta daga Yohanna 13:34, inda Yesu ya ce wa almajiransa yana ba su sabon umarni, su ƙaunaci juna kamar yadda ya ƙaunace su. A daren ne ya ci jibi na ƙarshe da su, ya ɗaura tawul a ƙugu, ya zuba ruwa a daro, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana wanke musu ƙafa. Bitrus ya ƙi da farko. A daren ne kuma aka kama shi a Getsamani.

Abin da ya ƙarfafa min guiwa shi ne, kowace al'umma da nata sunan ta kira ranar, ba wanda ya jira Bature. Jamusawa da mutanen Cek suna cewa Koriyar Alhamis, kuma ranar ganye suke dafawa, irin su alayyafo. A can ƙararrawar coci takan yi shiru daga wannan dare har daren Asabar, a ce wa yara ƙararrawa ta tashi zuwa Rum, su kuma su zaga gari da abin kaɗawa na katako a madadinta. A Rasha Alhamis ɗin Tsabta ce: a yi wanka kafin fitowar rana, a share gida kaf, a rina ƙwai. Kibɗawan Masar suna cewa Khamis al-Ahd, Alhamis ɗin Alkawari. A Habasha ana dafa gulban, alkama da wake, wanda duk Bahaushen da ya gani zai ce dahuwar gidansu ce.

Su Ingilishi umarnin suka riƙe. Sarakunansu na da sukan wanke ƙafar talakawa da hannunsu. Yanzu wankin ya faɗi, saura rabon kuɗin azurfa ga tsofaffi, maza da mata kowanne adadin shekarun sarki. A 2023 Sarki Charles ya ba maza 74 da mata 74 a babban cocin York.

To, ga sunayen da aka kawo min zuwa yanzu.

Alhamis Mai Tsarki. Shi ne mafi sauƙi, kuma ya dace da abin da masu Faransanci suke faɗa, don haka 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba za su ji shi baƙo ba. Matsalata da shi, duk kwanakin makon masu tsarki ne. Bai faɗi abin da ya faru ba.

Alhamis ɗin Jibi, saboda Jibin Ubangiji. Wanda ya tashi a coci zai gane. Maƙwabcinmu kuwa da ya ji jibi, ko dai ya ɗauka gobe da jibi ake nufi, ko ya tuna jibin dare.

Alhamis ɗin Wankin Ƙafa. Wannan na daɗe ina jujjuya shi, don shi ido ke gani. Ranar kullum a tsakiyar bazararmu take faɗowa, Maris ko Afrilu, lokacin da ƙura da zafi suka gama da ƙafar mutum. Bara na tsaya kusa da wani dattijo manomi da aka zaunar a benci cikin mutum goma sha biyu. Dugadugansa duk faso. Da limamin cocin ya durƙusa da buta, sai ya janye ƙafar ƙarƙashin benci yana cewa, "Haba ranka ya daɗe, ai ba ta da kyan gani." Limamin ya ce, "Baba, miƙo ta hakanan." Ya miƙo, ya kau da kai, ruwan daron ya koma ja. Irin wannan ne Fafaroma Francis ya yi wa matasa 12 a gidan kaso a Rum a 2013, cikinsu har da mata da Musulmi. Sai dai ba kowace ɗarika ce ke wankin ƙafa ba, kuma sunan ya bar jibin da umarnin a waje.

Ni abin da zuciyata ta kwanta da shi shi ne Alhamis ɗin Wasiyya.

Umarni kalmar hukuma ce, ta sarki da soja. Amma maganar da mutum ya tara nasa ya faɗa musu alhali ya san gobe ba ya nan, Bahaushe wasiyya yake ce mata, kuma ya san nauyinta: ba a wasa da ita, ba a sauya ta. Daga sura ta 13 zuwa ta 17 ta Yohanna abin da ke ciki ke nan. Jibin ma da wasiyya ya zo, a riƙa yi don tunawa da shi. Wankin ƙafar ma haka, ku ma ku yi wa juna. Kalma ɗaya ta ɗebe ukun.

Wani dattijon ikilisiya ya ja hankalina cewa wasu za su ji wasiyya su tuna rabon gado. Na ce masa, Baba, gaskiya ne, amma uwa ma takan bar wasiyya a riƙe zumunci ba ta bar ko akuya ba.

A jadawalin bana zan rubuta Alhamis ɗin Wasiyya, in sa Alhamis Mai Tsarki a ƙasa da ƙananan baƙaƙe don kada tsofaffi su ruɗe. Mutanen Jos, Zonkwa, Wusasa da na Nijar, ku faɗa min kafin Laraba abin da kakanninku suke kiran wannan Alhamis ɗin, don ran Larabar nake kai takardar wurin bugawa.