Sakar wa kantunan magani mara: mutumin ƙauye ya amfana kuwa?

Ɗanladi_K:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masana harkar magunguna: ƙasashen da suka sakar wa 'yan kasuwa mara, kowa ya buɗe kantin magani inda ya ga dama, shin magani ya matso kusa da mutanen karkara, ko birni ne ya ƙara cika?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam, Malam Ɗanladi. Dubi Suwidin. Tun 1971 kamfanin gwamnati, Apoteket, shi kaɗai ke sayar da magani, har aka soke wannan babakeren a watan Yulin 2009. Lokacin kantuna ɗari tara da 'yan kai ne, gwamnati ta sayar da kusan kashi biyu cikin uku. Cikin shekara goma sun haura 1,400, ana kuma daɗewa a wuni kafin a rufe.

Sai dai ina aka buɗe su? Akasari a birane, gefen wani kantin da ke nan dama. Mutumin Stockholm ya samu zaɓi, na arewacin ƙasar kuwa tafiyarsa tana nan yadda take. Gwamnati ta hango haka, shi ya sa ta ɗaure masu sayen da sharaɗin kada su rufe wasu kantunan karkara sai bayan shekara uku. Da wa'adin ya cika a 2013 sai ta fito da tallafin kuɗi ga ƙaramin kantin da ke nesa da ɗan'uwansa da aƙalla kilomita 20.

Bala_Famasi:
Gaskiya ne Hajiya, kuma lissafi ne ke jawo hakan. Ko mutum goma suka shigo a wuni, dole a biya ƙwararren mai haɗa magani ya zauna har a rufe. Firij ɗin insulin, allurar masu ciwon suga, ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8 dare da rana. Maganin da ba a yawan nema ya zauna a kanta har kwanansa ya ƙare, asarar mai kanti ce. Ribar kowane kwali na maganin da likita ya rubuta kuwa hukuma ce ke yankewa a can Suwidin, ba damar ƙari don kana ƙauye. To wa zai je?

A Ingila, 2005, aka ce duk wanda zai buɗe awa 100 a mako ba sai ya nuna ana bukatarsa a wurin ba. Suka yi dandazo a garuruwa, aka janye rangwamen a 2012. Norwe ta saki nata a 2001, ba a jima ba kamfanoni uku masu haɗe da 'yan sari suka mamaye kasuwar.

Akwai kuma abin da ba a lura da shi: kantuna sun yawaita, kowanne kayansa kaɗan, sai mai takardar likita ya riƙa jin "babu, sai gobe".

Malama_Rabi:
A rarrabe, Malam. Wanda zai mallaki kanti daban, inda za a kafa shi daban. A ganina na biyun ne ke taɓa ƙauye. Sifaniya ba ta saki ba: ƙa'idarta ta asali kanti ɗaya ga mutum 2,800, da tazarar mita 250. Faransa kuwa mutum 2,500 ga kantin farko a gari, na gaba sai an ƙaru da 4,500. Birni ya cika, sabon shiga dole ya nausa waje. Mu nan Najeriya mita 200 ake nema tsakanin famasi biyu, wannan kuwa ba ya fitar da kowa daga birni, ƙauye sai kemis.

Ɗanladi_K:
Na gode ƙwarai. To idan aka bar shagon unguwa ya sayar fa?

Maman_Ilham:
Suwidin ta yi, daga Nuwamban 2009, amma maganin da ba ya bukatar takardar likita kawai, har a gidajen mai. Mai ciwon suga ko hawan jini bai ƙaru da komai ba. A Nuwamban 2015 ma aka mayar da ƙwayar farasitamol kantin magani zalla, saboda masu shanta fiye da kima sun ƙaru. Na ruwa da mai narkewa a kofin ruwa aka bar wa shaguna.