Katan a rufe ko wanda aka riga aka buɗe? Muhawara kan sayo kayan canki-canka daga Japan

Baban Ilham: Salamu alaikum jama'a. Ga magana zan ajiye, wanda bai yarda ba ya zo da hujja. Duk mai son sayo 'yan tsanan nan na Japan da ake sayarwa cikin rufaffen kwali, ba a sanin wanda ke ciki sai an buɗe, irin su Sonny Angel da Smiski da Re-Ment, in dai daga waje zai yi oda, to ya sayi katan guda a rufe ko ya haƙura. Sayen ɗai-ɗai zubar da kuɗi ne. Jerin Sonny Angel na yau da kullum kala 12 ne, katan ɗin ma ƙwaya 12 yake ci, kuma kamfanin Dreams mai yin su yana shirya shi ne babu maimai. Ka fasa katan ka samu kowace kala. In Allah ya ci da kai, ɓoyayyen nan da ba a zana hotonsa a jikin kwali ya maye gurbin ɗaya daga ciki.

Malam Hadi: Wa alaikumus salam. Lissafi dai yana bayan Baban Ilham. In kala 12 ce, kana ɗaukar kwali ɗai-ɗai daga katan daban-daban, a matsakaici sai ka sayi kusan 37 kafin ka haɗa jerin. Ko guda 6 ka saya, yiwuwar a samu maimai a ciki ta kusa kashi 78 cikin ɗari. In kuma kala ɗaya tak kake hari, sai ka kai kwali 8 kafin damarka ta zama rabi da rabi. Shi kuwa ɓoyayyen, ɗaya ne cikin 144, wato katan 12 ke nan kafin guda ya fito. Mai farautarsa da ɗai-ɗai zai sayi wajen 100 kuma har lokacin canki-canka yake yi.

Anti Jummai: Malam Hadi, lissafinka daidai ne, amma amsar wata tambaya ka bayar. Wa ya ce kowa jerin duka yake so? Yawancin masu saye kala biyu ko uku ne suka shiga ransu. A ce mace mai hular zomo da mai hular giwa take so, sai a tilasta mata biyan kuɗin goma sha biyu da dakonsu? Akwai hanya ta uku da Baban Ilham ya tsallake: a sayi wanda aka riga aka buɗe, an san abin da ke ciki. Mercari, kasuwar intanet ta Japan inda mutane ke sayar da kayansu, cike take da su, haka shagunan kayan hannu irin Suruga-ya da Mandarake. Ka ga hoto, ka ga kala, ka biya. Bahaushe ya gama magana tun da ya ce ba a cinikin biri a sama.

Kuma maganar "babu maimai" ba ta hau kan kowane kaya ba. Smiski, masu haske a duhun nan, kala 6 ne da ɓoyayye ɗaya, katan kuwa 12 yake ɗauka. Bibbiyu ke nan. A Tokyo ko Osaka mai maimai zai samu abokin musaya kafin la'asar. A Kano ko Zariya wa za ka ba? Sai dai su zauna a kanta suna kallon ka.

Baban Ilham: Na karɓi gyara kan Smiski, Anti. Amma Re-Ment fa? Ƙananan kayan kicin da na shago da suke yi, katan na 6 ko na 8 ne, kuma galibi katan ɗaya yana cike jerin. Sannan wanda aka buɗen da kike yabo, nan jabu ya fi yawa. Kwali ya tafi, ledar ciki ta tafi, da me za a gane na asali? Hoton waya?

Anti Jummai: Da hoton, in mai saye ya san inda zai duba. Na jabu fuskarsa kan yi ƙyalli kamar an shafa mata mai, jan kumatu ya yi yawa ko ya karkace, fentin ido ya zarce layi, sannan sawun da injin ya bari a gefen jiki ya fito ɓaro-ɓaro. A nemi hoton tambarin kamfani da ke jikinsa a kusa, a kwatanta da na shafin kamfanin. Kada rubutun cewa a China aka yi shi ya ruɗi kowa, na asalin ma a can ake ƙera su. Abin gudu shi ne mai sayarwa da ke da ƙwaya hamsin na kalar da kowa ke nema, a rabin farashi, da hoto ɗaya da ya kwafo daga talla.

A riƙe kalmomi uku na Japananci. 未開封 ba a buɗe ba. 開封済み an buɗe. 内袋未開封 an buɗe kwali amma ledar ciki tana nan a liƙe. Na ukun ya fi daɗi ga Re-Ment, domin ledarsu ana ganin ciki: ka san me ka saya, kuma hannu bai taɓa shi ba.

Ɗan Kwari: Ku duka kuna ta maganar kuɗin kaya, alhali dako ne ke karya mutum. Masu sayarwa a Mercari da kasuwar gwanjon Yahoo yawancinsu cikin Japan kawai suke aikawa, dole ka bi ta hannun wakili, wato kamfanin da zai saya maka ya aiko maka, irin Buyee, ZenMarket ko FromJapan. Ga yadda kuɗin ke taruwa: farashin kaya da harajin Japan na kashi 10 a ciki, ladan wakili na 'yan ɗaruruwan yen kan kowace oda, wani lokaci kuɗin kai kaya siton wakili, kuɗin haɗa su a kwali ɗaya, sai babban, wato kuɗin jirgi. Anti, nan hanyarki ke da rauni. Kaya 8 daga mutum 8, ladan wakili 8 ne.

Baban Ilham, kai ma ba ka tsira ba. Katan rabinsa iska ce. DHL da FedEx ba nauyin sikeli kaɗai suke duba ba, suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5000, wanda ya fi yawa shi za ka biya. Kwali mai 30 da 25 da 20 kilo 3 ne a wurinsu, ko da sikeli ya ce kilo ɗaya da ɗan ɗori. Gidan wayar Japan da nauyin gaske yake aiki, amma a tsarinsu na ƙaramin ƙunshi kaya ba ya wuce kilo 2, kuma jimlar tsawo da faɗi da tsayi ba ta wuce santimita 90. Afirka tana rukunin da ya fi tsada a jadawalinsu. Kafin ka biya ko sisi, duba ko hanyar da kake so tana buɗe zuwa ƙasarku a ranar, domin sukan dakatar da wasu.

Maman Sadik: Tambaya daga gefe. 'Yar tsanar nan Labubu da ake ta yayi yana cikin wannan lissafin?

Malam Hadi: A'a Maman Sadik, wannan na Pop Mart ne, kamfanin China. Ana samun sa a Japan, amma bi ta can ƙarin dillali ne kawai.

Ɗan Kwari: Bari in ƙarasa. Wakili yana ajiye kaya kyauta na ɗan lokaci, wasu kwana 30, wasu fiye. Agogon yana fara bugawa ne daga ranar da kayan farko ya shiga sito. In ka haɗa abin da ke ƙasa da wanda sai bayan wata uku zai fito, ko ka biya kuɗin ajiya ko ka yi dako sau biyu. Sannan wakili ba ya tantance jabu. A Mercari da zarar mai karɓa ya danna cewa kaya sun iso, kuɗi ya tafi hannun mai sayarwa, kuma wakilin ne ke dannawa, ba kai ba. Wanda ke da shakka ya biya kuɗin ɗaukar hoto a sito tun kayan suna Japan.

Anti Jummai: Akwai inda ni da Baban Ilham muka haɗu, a faɗe shi kowa ya ji. Mafi munin saye shi ne rufaffen kwali ɗaya daga hannun ɗan kasuwar bayan fage. Mutum ya sayi katan, yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya har ya ci karo da wanda ya fi daraja, ragowar ya zuba su kasuwa a matsayin "ba a buɗe ba". Bai yi ƙarya ba, amma ya san babu komai a ciki sai kason baya. Wasu ma ba sa buɗewa, ƙaramin sikelin awon gwal suke ɗora kwalin a kai, tunda mai babbar hula ya fi mai ƙarama nauyi da 'yan giram. Wasu su girgiza su saurara. Masu ƙarfin hali su ɗumama gam ɗin gindin kwali, su leƙa, su mayar.

To Yaya Baban Ilham, wanda ya iya wannan, me zai hana shi tara ragowar katan uku ya cika ɗaya ya sa salatif?

Baban Ilham: Wannan kam ta shige ni. Sai in ƙara sharaɗi: katan daga shagon da ke karɓar kaya kai tsaye daga kamfani. Ga Re-Ment da makamantansu akwai AmiAmi da HobbyLink Japan, suna aikawa waje da kansu, babu ladan wakili, kuma ana iya yin oda tun kafin kaya su fito. A karanta bayanin da kyau, shagon kirki yakan rubuta ko katan ɗin yana cike jerin ko a'a. Matsalar Sonny Angel ita ce ƙarewa da wuri da ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai saya, shi ya sa ake faɗawa hannun 'yan bayan fage. In dole ce, a nemi hoton bakin katan ta sama da ta ƙasa. Salatif biyu a kan juna, ko takardar da ta ɗan yage a ƙarƙashinsa, a bar shi.

Malam Hadi: Abu ɗaya ba a taɓo ba, kuma a wurinmu ba ƙarami ba ne. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim da hana cinikin garari, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Kwali ɗaya da zai iya fitar da abin da ya ninka kuɗinsa sau goma, ko wanda ba mai so, ya yi kama da wannan sosai. Katan da aka san jerinsa da wanda aka buɗe duk sun fi nisa da shubuha. Hukunci na malamai ne, a tambaye su, har da batun siffar mai rai. Kuma mai shirin yin kyauta ya sani, Sonny Angel na yau da kullum jariri ne namiji tsirara, hula kawai gare shi da 'yan fukafukai.

Maman Sadik: Gara da ka faɗa Malam. Su Re-Ment ɗin ma ƙananan sassa gare su kamar ƙwayar wake, ba na gidan da ke da mai rarrafe ba ne.

Ɗan Kwari: Saura isowa. A watan Satumba na 2025 hukumar kwastan ta Najeriya ta yafe haraji kan ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba, amma sau huɗu a shekara. Mai yin ƙananan oda kowane wata zai cinye damarsa tun kafin damina. A bar wakili ya rubuta farashin gaskiya, domin inshora a kan abin da aka rubuta take biya. Kuma jami'i yana da ikon buɗe kaya ya duba, ba ruwansa da cewa rufewar ce darajar abin. Bayan an karɓa, kada a bar su a but ɗin mota ko bakin taga. Robar PVC ce, zafin watan Afrilu yana sa ta tsatsafo da wani maiƙo mai danƙo, ƙurar hunturu ta manne a kai. Ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mara ƙarfi yana wanke shi, fetur da sinadarin goge farce kuwa fenti suke ci.

Baban Ilham: To na sassauta. Mai son rabin jeri ko fiye, katan daga shago. Mai son biyu ko uku, hanyar Anti.

Anti Jummai: Rabi ya yi kaɗan, Yaya. Kalolin da ba a rububinsu sukan faɗi ƙasa da farashin shago da zarar an buɗe su, kuma ana samun mai sayar da biyar ko shida a dunƙule, ladan wakili ɗaya, babu kwalaye masu cin wuri. Ɗan Kwari, lissafa mana dakon guda 7 tsirara cikin ledar kumfa da na katan mai 12, mu ga inda layin yake.